Gwanjon intanet daga Zariya: wa zai ɗaure kayan, kuma nawa ne ainihin kuɗin aikawa?

Mai Gwanjon Sabon Gari:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar dakon kaya. Sana'ata gwanjo ce ta intanet. Ana ɗora kaya a Facebook da WhatsApp ranar Alhamis, a yi ta tayi har daren Asabar, wanda ya fi tayi shi ake sallama wa. Kayan su ne huluna, jakunkuna da takalman fata na dukawa, tumtum, manyan riguna masu aiki, wani lokaci da tsofaffin kwanonin tagulla. A mako akan samu ƙunshi 20 zuwa 30. Yawancin masu saye suna Abuja, Kano, Legas da Fatakwal, amma 'yan'uwanmu na Ingila da Amurka sun fara shiga tayin.

Hanyoyi uku ne a gabana. Akwai matasa da ke zuwa har shago su karɓi kaya, su ɗaure, su aika ta manyan kamfanoni da sunansu, suna cewa suna da rangwame. Akwai ofisoshin kamfanonin kai saƙo da ke ɗaurewa da kansu idan an biya kuɗin ɗauri. Sai kuma in ɗaure da kaina in kai tasha. Yaya ake kwatanta farashinsu a gane wanda ya fi sauƙi da gaske? Idan kaya suka lalace ko suka ɓace, wa ke biya? Kuma yaya zan faɗa wa masu tayi kuɗin aikawa alhali ban san garin wanda zai yi nasara ba?

Na-Sikeli, PZ:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin a zo kan wa zai ɗaure, sai an san abin da kamfani yake cajin kuɗi a kansa, don a nan ribar masu gwanjo ta fi zurarewa. Kamfani ba nauyin kaya kaɗai yake dubawa ba, har da wurin da suka cinye a mota ko jirgi. Awo biyu ake yi wa kowane kwali. A ɗora shi a sikeli, wannan ɗaya. Sannan a auna tsawo da faɗi da tsayinsa da santimita, a ninka ukun, a raba da 5,000. Abin da ya fito shi ne nauyin girma da kilo. Wanda ya fi yawa cikin biyun, shi za ka biya. DHL da FedEx da UPS 5,000 suke rabawa da shi a saƙon gaggawa na ƙasashen waje. Masu dakon kaya masu yawa a jirgi 6,000 suka saba. Kamfanonin cikin gida kowa da tsarinsa, ka tambaye su lambar da suke rabawa da ita, ka rubuta.

Ɗauki tumtum. Idan aka aika shi a cike, faɗinsa 50 da 50, tsayi 30, lissafi ya ba da 75,000, a raba da 5,000 ya zama kilo 15. Idan aka zazzage cikin aka ninke fatar, ta shiga ƙunshi mai 40 da 30 da 6, nauyin girmansa bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Mai saye ya cika abinsa da tsummoki ko auduga a can. Hula ɗaya ba ta da wani nauyi, amma kwalin da zai kare ta, 20 da 20 da 12, kilo ɗaya ne a lissafi. Kwali mai 40 da 30 da 25 kilo 6 ne ko da iska ce a ciki. A yanke tsayinsa ya koma 15, ya zama 3.6, a caje ka kilo 4, don sama suke kai ragowar zuwa rabin kilo ko cikakke. Wuƙa da minti biyu sun rage maka kilo biyu.

To ga inda maganar masu ɗauri ta shigo. Wanda yake ɗaure maka kaya kuma yake samun la'ada a kan kuɗin dako, babban kwali bai dame shi ba, ƙaruwarsa ce ma. Ba sai ya yi niyyar cuta ba: kwalaye iri uku ko huɗu gare shi, wanda ya samu a kusa shi zai ɗauka. Saboda haka kar ka kwatanta kuɗin ɗauri da kuɗin ɗauri. Ka zaɓi kaya uku da ka fi sayarwa, misali hula biyu, jaka ɗaya, riga ɗaya, ka ba kowannensu adireshi iri ɗaya a Abuja, Legas da Landan, ka ce ya rubuto maka jimilla har ƙofar mai saye, tare da awon kwalin da zai sa. A cikin jimillar ka tabbatar an fito da kuɗin zuwa ɗauka a shago, kuɗin kwali da salatif, ladan hannu, dakon kansa, ƙarin kuɗin mai da manyan kamfanoni ke ɗorawa kuma yake canzawa lokaci zuwa lokaci, ƙarin kuɗin adireshin da ke wajen manyan birane, harajin VAT na kashi 7.5 inda ya shafa, da inshora. Abin da aka fi mantawa shi ne kuɗin dawo da kaya idan mai saye ya ƙi karɓa ko ba a same shi ba. Wannan yakan kai kuɗin tafiya, na ƙasar waje kuma yakan wuce.

Game da matasan da ke aikawa da sunansu: rangwamen na iya zama gaskiya, domin kamfanoni suna rage wa mai asusu da ke kawo kaya da yawa. Amma a takardar dako sunansu ne a gurbin mai aikawa, ba naka ba. Idan kaya suka ɓace, da su kamfani zai yi magana, su za a biya diyya, kai kuma sai abin da suka ga dama suka ba ka, in dai babu rubutacciyar yarjejeniya. Ka nemi lambar rajistarsu ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka tambayi ko suna da lasisin kai saƙo, wanda hukumar gidan waya, NIPOST, ce ke bayarwa. Ka kuma ce lallai a turo maka lambar bin sawu ta babban kamfanin a ranar da kaya suka shiga hannunsa, ba lambar rasit ɗinsu kawai ba. Wasu suna tara kaya kwana uku ko huɗu kafin su kai Kano ko Abuja gaba ɗaya, ta haka suke samun sauƙin. Ba laifi ba ne, amma dole ka sani don kar ka yi wa mai saye alkawarin kwana biyar.

Tambayarka ta ƙarshe amsarta tana cikin awon nan. Kada ka buɗe tayi a kan kayan da ba ka gwada su a kwalinsu ba. Ka sayi sikelin lantarki mai ɗaukar kilo 30 da tef ɗin tela, ka auna tun ranar Laraba. A ƙarƙashin hoton kowane kaya ka rubuta farashi huɗu: cikin Zariya, Kaduna da Kano, sauran jihohi, sai ƙasar waje wanda za a faɗa bayan an ga adireshi, amma ka rubuta kilon da za a caja. Mai tayi zai sa wannan a lissafinsa kafin ya ɗaga hannu, ba bayan an sallama masa ya ce bai san haka abin yake ba.

Hajiya Mai Shadda, Tudun Wada:

Allah ya saka wa Malam Na-Sikeli da alheri, lissafinsa daidai ne. Amma ƙanena, ni ban yarda a miƙa wa kowa ɗauri gaba ɗaya ba, komai arharsa. Ɗauri hawa biyu ne. Na ciki, wanda ke taɓa jikin kaya, naka ne, domin kai ka san kayan. Na waje, kwali da cike gurbi da salatif, shi ne za ka iya biya a yi maka.

Dalili kuwa, mai ɗaurin ofis ya saba da takardu, waya da takalman kanti. Hannunsa ya saba da naɗe komai cikin leda a like. Fatar jima da aka yi da bagaruwa tana riƙe danshi, kuma daga Yuni zuwa Satumba idan aka kulle ta cikin leda ta kwana biyar zuwa bakwai a hanyar Legas ko Fatakwal, za a buɗe a tarar da farin fumfuna da wari. Ka shanya jaka a inuwa, inda iska ke kaɗawa, kwana biyu kafin aikawa, ba a rana ba don kar ta bushe ta tsage. Ka naɗe ta da farar takarda marar rubutu ko ƙyallen auduga, ka jefa 'yan ƙullin silika masu tsotse danshi, irin na cikin kwalin sabon takalmi, biyu ko uku na giram 5. Leda a wajen takardar take zuwa, don tare ruwa, ba a jikin fata ba. Jar fata da baƙa suna zuba idan suka ji gumi, don haka ko mutum ɗaya ne ya ci jaka da farar riga, kowanne da ƙunshinsa kafin su haɗu a kwali. Ƙarfen maɗauri da zif a naɗe su daban, in ba haka ba suna barin shaida a jikin fata. Jarida kuwa kar ta taɓa farin yadi ko kaɗan, tawadarta tana kamawa.

Hula ba ta son matsi. Idan an wanke ta an buga ta tsaya, kwali mai tauri take buƙata, a lanƙwasa guntun kwali a zagaya cikinta ya riƙe bango, a cika tsakiya da takarda. Masu lamba ɗaya ko kusa suna shiga cikin juna har huɗu ko biyar, da siririyar takarda tsakaninsu don zare kar ya kama zare. Wannan ne ya sa yana da kyau ka ce wa wanda ya ci hula ɗaya ya jira gwanjon mako mai zuwa in yana so, a haɗa masa, tunda kwalin hula ɗaya da na uku kusan kuɗinsu ɗaya.

Babbar riga kuma ba ta buƙatar kwali sam. A bi ninkin da mabugi ya yi mata, aikin aska ya koma ciki da takarda a kansa, a sa a leda, a sa cikin jakar leda mai kauri ta kamfani. Duk wanda ya sa maka riga a kwali ya ƙara maka kilo ne kawai.

Tagulla da duk abin da ke lotsewa ko fashewa, a nan ne kuɗin mai ɗauri yake halatta. Kowane kwano a naɗe shi da leda mai ƙurajen iska ninki biyu ko uku, murfi daban, sannan a bar tazarar santimita 5 tsakanin kaya da bangon kwali ta kowane ɓangare, har ƙasa da sama, a cike ta tam. Kwali mai bango biyu ake so. Kwalin taliya ko na sabulu bango ɗaya ne, da ya sha danshi ya saki. A girgiza bayan an rufe. In an ji motsi, ɗauri bai yi ba. Salatif mai faɗin santimita 5, a bi tsagar tsakiya, sannan a bi gefuna biyu, sama da ƙasa. Tsohon kwali in za a yi amfani da shi a ɓalle duk tsofaffin lambobin da ke jiki, don na'urar tantancewa tana iya karanta tsohuwar ta tura kaya wani gari.

Kar ka like kwali daga shago idan kamfani za ka kai. Za su buɗe su duba, dokarsu ce, kuma kwalin da aka yanka aka sake likewa ya rage ƙarfi. Ka je da shi a buɗe, a duba, a rufe a gabanka, ka ɗauki bidiyo tun daga kayan har zuwa liƙa takardar dako da abin da sikeli ya nuna.

Ɗan Kwangila:

Hajiya, Allah ya ƙara girma, kin gama magana a kan ɗauri. Ni tasha zan tsaya a kai, don kar a raina ta. Zariya zuwa Kaduna wajen kilomita 80 ne, zuwa Kano wajen 150. Saƙon da ya hau mota da safe a tashar Kwangila yana tashar Kawo ta Kaduna ko Unguwa Uku ta Kano kafin azahar, kuma direba ba ya raba komai da 5,000, da ido yake yanka kuɗi. A waɗannan garuruwa biyu da Abuja, wahala ne kamfani ya fi tasha sauri ko sauƙi.

Amma a bi ta ofishin ƙungiyar direbobi, a rubuta saƙo a littafi, a karɓi rasit. Kar a ba direba a bakin titi don ragin ɗari biyar. A ɗauki sunansa, lambar wayarsa da lambar mota, a tura wa mai saye da hoton ƙunshin. Kwalin a sa shi cikin leda babba, a sa a buhu a ɗinke baki, domin a but zai iya kwana kusa da jarkar manja, ko a ɗaure shi a baya ruwa ya same shi. Lambar mai karɓa a rubuta wuri biyu a jikin buhu da alƙalami mai kauri, a kuma sa wata takarda a ciki mai ɗauke da sunan kaya da farashi, tana amfani in an tsayar da mota a shingen bincike.

Raunin tasha biyu ne. Babu inshora, in kaya suka ɓace sai dai sulhu a ofishin ƙungiya, kuma ba kasafai ake samun cikakken kuɗi ba. Ƙa'ida mai sauƙi: abin da ba za ka iya mayar wa mai saye kuɗinsa daga aljihunka ba, kar ya hau motar haya. Na biyu, tasha ba ta kai wa gida. Mai saye a Abuja sai ya je Zuba ko Jabi, ko ya biya ɗan acaɓa, kuma direba ba zai jira shi ba. Maganin wannan, idan kana da masu saye biyar ko shida a gari ɗaya, ka haɗa ƙunshinsu a buhu guda, kowanne da suna, ka samu amintaccen mai babur a can ya karɓa ya rarraba. Kuɗin mota ɗaya ya rabu gida shida. Legas da Fatakwal kuwa, ga nisa ga sauke-sauke, kayan da suka wuce ƙaramin kuɗi gara kamfani mai lambar bin sawu.

Maganar a biya in kaya sun iso, a gwanjo kar ka fara. Mutum yana tayi da zafin gasa, bayan kwana uku zuciya ta huce.

Mai Gwanjon Sabon Gari:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura na waje. Idan na biya inshora ta hannun mai ɗauri, shi ke nan na tsira? Kuma kwanonin tagullar nan da jakunkuna masu ado da fatar mesa, akwai wata takarda da ake nema?

Akawun Fito:

Malam, waɗannan biyun da ka ambata su ne mafi haɗari a duk kayanka, don haka da su zan fara.

Mesa, kada, guza da damo duk suna cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashe mai taƙaita cinikin namun daji da ke fuskantar ƙarewa, wadda Najeriya ke ciki. Ko ɗan yanki ne aka yi wa jaka ado da shi, ba ya fita sai da izini daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, wasu ƙasashen kuma sai mai saye ya nemi nasa izinin shigarwa. Gashin jimina na yankinmu, irin na mafici da takalman sarauta, hukuncinsa ya ma fi tsanani. In babu takarda, kwastam na can za su ƙwace, babu inshorar da za ta biya, kuma mai saye yana iya shiga matsala. Mafi sauƙi ka rubuta a ƙarƙashin hoton irin waɗannan cewa ba a aika su waje. Fatar akuya, tunkiya da saniya da aka jeme ba su cikin wannan jeri, amma ka rubuta sunan dabbar a takarda, kar ka tsaya a kan "fata" kawai.

Tsofaffin kaya kuma suna ƙarƙashin dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979. Aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918, ko mai muhimmancin tarihi da aka yi amfani da shi a al'ada, kayan tarihi ne a idon doka: kwano, takobi, tambari, kayan sarauta, har rubutun hannu na malamai. Fitar da shi sai da izinin hukumar, kuma dokar ta taƙaita ma saye da sayar da shi a cikin gida. Idan kwanon sabon ƙira ne da ya yi kama da tsoho, ka kai gidan tarihi na Kaduna ko Gidan Makama a Kano ka nemi a duba a ba ka shaida kafin ka sa shi a gwanjon da 'yan waje ke ciki. Ka kula da kalmomin tallarka ma. Idan ka rubuta "na zamanin kakanni" don tayi ya hau, ka rubuta hujja a kanka.

Sauran abubuwan da masu saye kan roƙa a cusa musu: kilishi da dambun nama ba sa shiga Amurka, Ingila ko Tarayyar Turai ta saƙo. Turare mai sinadarin barasa kayan kama wuta ne a dokar jirgin sama, haka batirin waya yana da nasa sharuɗɗa. Ƙullin kilishi ɗaya yana iya sa a riƙe kwali duka.

Yanzu inshora. Idan ba ka saya ba, abin da kamfani zai biya a saƙon jirgi yana da iyaka. A Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta tsara dakon jirgin sama tsakanin ƙasashe, iyakar tun ƙarshen Disamba 2024 ita ce SDR 26 a kowane kilo, wato kusan dala 35 (SDR ma'aunin kuɗi ne na Asusun Lamuni na Duniya). Rigar da ta ci dala 300 a gwanjo, mai kilo biyu, diyyarta ba za ta wuce wajen dala 70 ba. Idan ka saya, a kan ƙimar da aka rubuta a takarda za a biya. A nan ne rage farashi don mai saye ya kauce wa haraji yake cin mai shi: ka rubuta dala 30, dala 30 za a ba ka, ban da cewa laifi ne a wurin kwastam. Ka ajiye hoton tayin ƙarshe da shaidar biyan kuɗi, su ne hujjar ƙima. Sannan kusan kowace inshora tana cire lalacewar da rashin kyan ɗauri ya jawo. Wannan ita ce babbar fa'idar barin kamfanin da zai yi dakon ya yi ɗaurin waje da kansa kuma a rubuta haka a rasit: ba zai dawo ya ce ɗauri ne bai yi ba. Idan ɗan tsakiya ne, irin matasan nan, ya ɗaure, kamfani zai tura laifi gare shi, shi ya tura wa kamfani. Ka ce ya nuna maka a takardar dako inda aka rubuta ƙimar da aka yi wa inshora. In babu a nan, kuɗin da ka ba shi bai kai ko'ina ba. Mai saye kuma ya ɗauki hoton kwali kafin ya buɗe, ya ajiye kwalin, a kai ƙorafi nan da nan, domin wa'adin ƙorafin lalacewa a yarjejeniyar kwana 14 ne daga karɓa.

Takardu: ta gidan waya, ƙaramin ƙunshi da bai wuce kilo 2 ba kuma ƙimarsa ba ta wuce SDR 300 ba fom ɗin CN22 ake liƙa masa, abin da ya wuce haka CN23. Ƙaramin ƙunshi tsawo da faɗi da tsayinsa a haɗe kar su wuce santimita 90, ɓangare mafi tsawo kar ya wuce 60. Ta kamfani kuma takardar farashi ake haɗawa. A kowanne a rubuta bayani filla-filla da lambar kwastam ta kayan: jakar hannu ta fata 4202.21, walat na fata 4202.31, hular yadi 6505.00. A sa lambar waya da imel na mai karɓa, rashinsu yana sa kaya su kwanta a wurin tantancewa.

Haraji a can shi ne abin da ke sa masu saye ƙin karɓa. Tarayyar Turai ta cire sassaucin VAT na kayan ƙasa da yuro 22 tun 1 ga Yuli 2021. A Ingila VAT kashi 20 ne. Amurka ta dakatar da sassaucin kayan ƙasa da dala 800 ga duk ƙasashe daga 29 ga Agusta 2025. A takardar kamfani za ka ga DAP, wato mai karɓa zai biya haraji, ko DDP, wato a dawo maka da lissafin kai ka biya, da ƙarin kuɗin hidima. Ka zaɓi ɗaya, ka rubuta shi a sharuɗɗan gwanjo da manyan baƙaƙe. Idan fitar da kaya ta zama ta kowane mako, lokaci ya yi da za ka yi rajista da NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ka tambayi bankinka batun NXP, fom ɗin bayyana kayan da ake fitarwa.

Na-Sikeli, PZ:

Akawu ya kawo abin da ya rage. Bari in ɗora lissafi kaɗan, lambobin na misali ne, Malam ka sa naka. A ce mai ɗauri yana karɓar naira 1,500 a kan ƙunshi, kai kuma in ka sayi kwali, salatif da leda a sari ƙunshi yana cin naira 600. Bambanci 900 ne, a ƙunshi 25 ya zama 22,500 a mako. Idan 18 daga ciki riguna ne da huluna masu zuwa Kano, Kaduna da Abuja, babu dalilin biyan wannan. Yaro ɗaya da Hajiya ta koya wa irin ɗaurin da ta bayyana zai gama su a yini, ya kai tasha ranar Litinin. A ɗaya ɓangaren, a ce dakon kwali zuwa Landan naira 80,000 ne a ofishin kamfani, ɗan tsakiya ya samo maka a 70,000 har da ɗauri. Ragin 10,000 ya yi kyau, amma sai in kwalinsa bai fi naka da kilo ɗaya ba, kuma ya sa hannu cewa shi zai biya cikakkiyar ƙima in kaya suka ɓace a tsakanin shagonka da ofishin kamfani. Wannan tazarar, Zariya zuwa Kano ko Abuja a mota, inshorar babban kamfani ba ta fara aiki a cikinta ba, tunda bai karɓi kayan ba tukuna.

A yarjejeniyarka da ɗan tsakiya ku rubuta ranar ɗauka, kwanakin da kaya za su yi kafin su shiga hannun kamfani, girman kwalaye da aka amince da su ga kowane irin kaya, da cewa duk wani ƙarin caji bayan an sake awo a can sai an nuna maka takardarsa. Kowace ɗauka a ƙirga kaya, ku sa hannu ku biyu a littafi ɗaya. Ka fara gwada shi da kaya masu ƙaramin kuɗi wata guda kafin ka ba shi riga mai tsada. Kuma kar a kira shi ɗauka sai kuɗin kaya da na aikawa sun shigo asusunka gaba ɗaya. Ka ba wanda ya ci tayi awa 48, in bai biya ba a sallama wa na biyu, a sake lissafin dako da garin shi na biyun.